Jinin Ranar Litinin

Aikina a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Gumel shi ne wanke kwalabe, share ƙasa, da ƙona allurar da aka gama aiki da ita. Don shi aka ɗauke ni, kuma shi nake yi har yau. A aji huɗu na firamare mahaifina ya cire ni ya kai ni gona, saboda haka kada wani ya zaci bayanin likitoci zan yi masa. Abin da na gani da idona zan faɗa, da abin da aka zuƙa a hannuna.

Akwai wasu shekaru da na wuce mai wanke kwalabe. A shekarun nan ni ne ma'auni.

Ga yadda aka yi. Shugabar ɗakin wata mace ce 'yar garin nan, ta yi karatunta a Kano, muna ce mata Hajiya. Ita ba ta yarda da inji ba. Takan ce inji kamar mai awon gero ne a kasuwa, tiyarsa na iya lotsawa shi kansa bai sani ba. Don haka kafin a auna jinin marar lafiya, sai an fara ba injin wani jini da aka riga aka san amsarsa. In ya faɗi daidai a ci gaba da aiki, in ya yi ƙarya a tsaya. Wannan jinin a 'yan ƙananan kwalabe yake zuwa daga kamfani, ma'aikata suna ce masa kwantirol. To namu na gwajin suga ya ƙare. Hajiya ta rubuta wa manya a aiko da wani, ta sake rubutawa, ta je da kanta, shiru.

Wata safiya ina duƙe ina goge ƙarƙashin tebur, ta tsaya a kaina.

"Malam, ka karya kumallo?"

"Ban karya ba, ranki ya daɗe."

"Tashi ka wanke hannu ka zo."

Ta ɗebi jinina ranar, ta ɗiba washegari, ta yi ta ɗiba har gwiwar hannuna ta yi tabo. Daga ƙarshe ta ce, "Jininka ba ya yawo. Ba haka ƙa'ida ta ce ba, mutum ba kwalba ba ne, amma ka fi babu." Ban ji zafin maganar ba. Abin da ya shiga kunnena shi ne jinina ba ya yawo.

Ta samo takarda mai gida-gida ta manna a bango kusa da firji. Ta ja baƙin layi a tsakiya, ta ja jan layi a sama, ta ja wani a ƙasa. Kowace Litinin za a ɗebi jinina, inji ya faɗi abin da ya gani, ta ɗiga ɗigo ɗaya. In ɗigon ya faɗa tsakanin jajayen layukan, a buɗe taga a fara karɓar mutane. In ya tsallake, ba a taɓa jinin kowa sai an gano abin da ke damun injin.

Ni ma an kafa mini doka. Daga tuwon daren Lahadi ba abin da zai shiga bakina sai ruwa. Ba koko, ba shayi, ba goro. Goron ne ya fi ba ni wahala, amma ban taɓa karyawa ba.

Wanda bai taɓa zama a gindin ma'aikata ba, ba zai gane abin da wannan ya yi mini ba. Yaran da ke da takardar makaranta, waɗanda da ba sa kiran sunana sai kwalba ta ƙare, su ne suka koma leƙen hanya ranar Litinin. Wata rana kekena ya yi faci a wajen kasuwar hatsi, Hajiya ta turo adaidaita-sahu ya ɗauko ni. Na sauka na tarar da benci cike da mutane, wani tsoho yana faɗa yana cewa wa ake jira ne, sai na ji an ce masa, "Malam ake jira." Na wuce ta gabansu ina naɗe hannun riga. Maiɗakina takan ce, "Kai da ake tatsa kamar saniya, mene ne abin fankama?" Ban damu ba. Ita ba ta ga bencin ba.

Sannan ga tafiye-tafiye. Ƙananan asibitocin Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suna da 'yar na'urar suga ta hannu, wadda ake huda yatsa a ɗiga mata jini. Hajiya ta ce su ma sai an san gaskiyarsu. Lokaci-lokaci sai mu shiga mota da sassafe, ni da ita da kula mai ƙanƙara. In mun isa a huda yatsana a ba na'urarsu, a take kuma a ɗebi na jijiya a kwalba mu komo da shi Gumel a ba babban inji, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Da yatsana aka kama na'urar Gagarawa tana ƙarya, ashe 'yan tsinken da ake soka mata a taga suke ajiye su, rana na dukansu. A Maigatari ranar kasuwa wani dillalin raƙuma daga ƙetaren iyaka ya ga ana ba ni kujera ana yi mini sannu, ya tambaya ko ni ne babban likitan. Ba wanda ya ƙaryata shi, ni ma ban ƙaryata ba. A Sule Tankarkar kuwa da an gama sai a kawo mini fura da nono a ƙwarya, mai kauri, in sha in ji ta har yatsun ƙafa.

Yanzu bari in kawo taubashina, tunda saboda shi nake wannan rubutu. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, daga wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Sa'ana ne, dogo, siriri kamar sandar kiwo. Da dabbobinsa suka ƙare ya rasa abin yi, ni na je na durƙusa aka ɗauke shi gadin asibitin. Ni na ba shi tabarma a zaurena kafin ya samu ɗaki. Mutum ne da ba abin da ya dame shi. Shayinsa sai cokali ya kusa tsayawa don suga. Duk Litinin in na zo wucewa da yunwa sai ya ɗaga kofi ya ce, "Bawana, an zo ba da sadaka? Allah ya karɓa. In sun rage ka kawo mini in yi miya."

"Riƙe ƙofarka, mai gadi," nakan ce. "Manya za su shiga."

A shekarar da aka sa mana sola ne ɗigona ya fara hawa. Ba tsalle ya yi ba. Hawa yake a hankali kamar tururuwa a bango, wannan Litinin sama da baƙin layi kaɗan, ta gaba sama da waccan kaɗan. Duk suna cikin jajayen layuka, ni ban ga abin damuwa ba. Hajiya ta ce abin damuwar ke nan. Ta ce ɗigon lafiya zagaye yake yi kamar akuya a turke, yau sama gobe ƙasa. In ka ga sun jeru gefe ɗaya suna bin juna, to akwai mai kora su.

Ta fara zargin ruwan gwaji, ta buɗe sabo. Ta duba sanyin firji. Ta tsare yaran ta sa kowa ya ɗebi jini a gabanta. Ɗigo bai fasa hawa ba, har ya taka jan layi ya wuce. Aka kira mai gyara daga Kano, ya kwance injin ya mayar, ya ce shi bai ga komai ba. Ni kuwa duk wannan lokacin daɗi nake ji. A majalisarmu ta bayan la'asar har cewa na yi jinina ya sake kama wani inji, wannan karon babba.

Sai wata rana na ga Hajiya ta zauna da sakamakon duk mutanen da aka auna a watannin nan, tana haɗawa tana rabawa. Ta daɗe. Da ta ɗago ba injin ta kalla ba, ni ta kalla.

"Malam, zo ka zauna. In mai awo yana ƙara gero, kowa yake ƙara wa ko mutum ɗaya?"

"Kowa."

"To na duba tsaka-tsakin mutanen gari, yana nan inda yake, bai motsa ba. Kuma na'urar Maigatari da ta Gagarawa su ma sun hau a yatsanka. Inji uku ba sa haɗa baki." Ta ture takardun gefe. "A gidanku akwai mai ciwon suga?"

Na ce ban sani ba. Na ce mahaifina dai ƙaya ce ta soke shi a gona, ƙafar ta ƙi warkewa har ta tafi da shi, aka ce sammu ne.

"Je ka kira mini mai gadi. Ka tambaye shi ko ya karya."

Da ƙafata na je na kira shi. Wannan har yau yana ci mini rai. Da ma mai shayi ya riga ya hura wuta ranar, da wani aka samu. Amma bai hura ba, taubashina na zaune da kofi wayam yana hamma. Ya biyo ni yana cewa, "Me na yi kuma? In kaza ce ta shiga ɗakin haihuwa ba tawa ba ce."

Aka zaunar da mu a benci ɗaya, aka ɗebi nawa aka ɗebi nasa, aka ba inji ɗaya. Washegari aka ba ni ruwan suga na sha, aka jira, aka sake ɗiba. Hajiya ta kira ni gefe ta ce, "Injin lafiyarsa ƙalau. Kai ne ka motsa."

Likitan da ta tura ni wurinsa murna ya yi ta yi mini. Ya ce mutane ba sa zuwa sai ido ya dushe ko ƙafa ta ruɓe, ni kuwa an kama ciwon sugan nawa tun yana rarrafe. Ya ce in gode wa Allah. Na gode. Amma ina fitowa abin da ke raina ɗaya ne: ranar Litinin wa za a jira?

Ban daɗe ina tambaya ba. Hajiya ta yi wa taubashina irin ɗiban da ta yi mini a farko, ta cire takardata daga bango, ta manna sabuwa. Mutumin da ke shan suga kamar ƙuda, jininsa ya zauna a kan baƙin layi kamar an ɗaure shi. Ni da ban taɓa karya doka ba, ni aka cire.

Kwalbar jininsa ni nake wankewa. Wannan kaɗai ya isa. Amma akwai wanda ya fi shi. Ranar da za a tafi Sule Tankarkar ba mai tsaron ƙofa, sai aka ce Malam ya ɗan riƙe. Na zauna a kan kujerarsa mai ƙafa uku da bulo, na buɗe musu ƙofa da hannuna, taubashina yana gidan gaban mota ya sa gwiwar hannu a taga.

"Bawana, kula da gida. Kada ka bar awaki su shiga."

Da suka dawo gemunsa da farin nono. Ya ce mutanen can sun tambaye ni, sun ce a gaishe da mai jiki. Mai jiki! Ni da suke ba kujera.

Abin da ya fi ƙona ni, bai san darajar abin ba. Bai taɓa tsayawa ya kalli takardar ba. Bai san me jan layi yake nufi ba, kuma bai tambaya ba. In an ce ana jiransa sai ya taho yana jan silifa yana mita, wai an hana shi shayi saboda wani ƙarfe. Na sa masa ido. Ba zan ɓoye ba, kowace Litinin da sassafe nake zuwa in raɓe bayan bishiyar dalbejiya ina kallon bakinsa. Ran nan kuwa Allah ya ba ni: na gan shi yana tauna dabino. Ban ko jingine keke daidai ba, na shiga wurin Hajiya ina haki.

Ta kira shi. "Malam mai gadi, ka ci wani abu yau?"

"Wallahi na ci, Hajiya. Wata tsohuwa ce ta ba ni dabino, na manta yau Litinin. Daɗi gare shi kuwa."

Na tsaya ina jiran a kore shi. Sai ta yi dariya ta ce ba komai, a bari sai gobe, gara da ya faɗi gaskiya. Ta juyo wurina ta ce, "Ka kyauta, Malam. Tunda kana da ido, daga yau kai ne mai lura da bakinsa ranar Litinin."

Haka na zama mai gadin bakin mai gadi. Ya samu abin tsokana na shekara guda. Da ya hango ni sai ya wangale baki ya ce, "Zo ka duba, ranka ya daɗe, ko akwai abin da ya maƙale."

Daga nan na ɗaura niyya sai na koma bangon nan. Na bar suga gaba ɗaya. Na bar fura, wadda tun ina yaro ban taɓa wuni ban sha ba. Na koma tuwon alkama da miyar zogale, abinci kamar horo. Na ajiye keke na riƙa zuwa aiki a ƙasa, in zaga ta bayan kasuwar dabbobi don hanyar ta yi tsawo. Ƙwayar da likita ya rubuta ban taɓa tsallake ta ba. Wandona ya yi mini yawa har sai da aka ƙara huda a bel. Maiɗakina ta zaci tsoron mutuwa ne, tana ta tausaya mini tana cewa, "Malam, a hankali, kowa da ranarsa." Ban gaya mata ba. Ta yaya magidanci zai ce wa iyalinsa yana gasa da mai gadi a kan wanda za a soka wa allura?

Sugan ya sauka. Ya sauka ya zauna, wata bayan wata. Likita ya riƙa nuna ni ga wasu marasa lafiya yana cewa su yi koyi da ni. Da na ga abin ya tabbata, sai wata Litinin na ƙi karyawa, na sa riga mai faɗin hannu, na shiga da katin asibitina a aljihu.

Na tarar da wata farar kula a kan tebur, yaran sun kewaye ta. Hajiya na fito da 'yan kwalabe ɗaya bayan ɗaya, kowacce ba ta kai ɗan yatsana ba, tana jera su a firji kamar ƙwai. Fuskarta kamar ranar Salla. Kwantirol ya zo, kuma an ce daga yanzu ba zai riƙa yankewa ba.

Duk da haka na faɗi abin da ya kawo ni. Na miƙa mata katin na ce, "Ranki ya daɗe, jinina ya daina yawo."

Ta karanta, ta ce ma sha Allah, ta ce ta ji daɗi ƙwarai. Sannan ta gane abin da nake nufi, sai ta ajiye katin a hankali.

"Malam, ko waɗannan ba su zo ba, ba zai yiwu ba. Kai yanzu magani ne ke riƙe da kai. In ɗigo ya motsa, ta ina zan san inji ne ko ƙwaya ce ka manta? Su kuwa waɗannan ba sa cin dabino, ba sa tsufa a hannuna ban sani ba, kuma akwai mai suga da yawa akwai mai daidai, ta sama da ta ƙasa duk zan gani." Ta miƙo mini katin. "Ka samu ƙafarka da idonka. Bai ishe ka ba?"

Na ce ya isa. Me zan ce?

Na warware hannun rigata na fita. Abu ɗaya ya rage mini mai daɗi, shi ne ni zan kai wa taubashina labarin an sauke shi. Na taka a hankali don in ji daɗin abin sosai. Na same shi a kujerarsa yana gyangyaɗi.

"Mai gadi, an kore ka. Kwalba ta ƙwace maka aiki."

Ya buɗe ido. "Wace kwalba?"

Na yi masa bayani, ina kallon fuskarsa ina jiran ta faɗi.

"Kana nufin ba sauran allura?"

"Babu."

"Ba sauran yunwar Litinin?"

"Babu. Ba sauran gidan gaba, ba sauran furar Sule Tankarkar."

Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Allah ya yi wa kwalbar nan albarka, ya ƙara mata lafiya." Ya leƙa waje ya ƙwala wa mai shayi kira: "Haɗa mini mai kauri, ka zuba suga kamar na gidanku ne! Ka kawo wa bawana ruwan zafi, shi ba ya shan daɗi."

Abin da na yi shekara ina yunwa a kansa, shi a wurinsa kaya ne aka sauke masa.

Takardata tana nan a durowar Hajiya. In ɗalibai sun zo koyon aiki takan fito da ita ta nuna musu yadda ɗigo ke hawa a jere, ta ce in sun ga haka kada su tsaya zargin inji kawai. Ba ta faɗin mai jinin. Ina jinta daga wurin famfo ina wanke kwalabe. Su kuwa 'yan kwalaben kwantirol ko wanke su ba a yi, in sun ƙare a kwandon ƙonawa ake jefa su, ni nake kai su.

Tasa takardar Hajiya ta ba shi ta ce ya ajiye don tarihi. Gilashin tagar ɗakin gadi ya fashe, sai ya liƙe wurin da ita. Kullum da safe ta gabanta nake wucewa. Rana ta cinye jajayen layukan, amma ɗigon suna nan, ɗaya sama ɗaya ƙasa, manne da baƙin layi tun daga wannan gefe har wancan. Nakan ce yau ba zan kalla ba, sai in kalla. Shi kuma yana zaune a ƙarƙashinta da kofinsa, yana juya cokali.

Har yanzu ranar Litinin ba na iya karyawa da wuri. Ba wanda ya sa ni. Maiɗakina ta gaji da tambaya, sai dai ta rufe mini kokon da ba suga ta ajiye, in na dawo in sha shi da sanyinsa.